Tukunya ta Uku

Tun da gari ya waye gaban Auta yake faɗuwa, kuma duk wanda ya taɓa leƙa kicin ɗin gidansu ba zai ga laifinta ba.

Murhu biyu ne a ciki, ɗaya jikin taga, ɗaya bakin ƙofa. Na jikin taga na Umma ne, mahaifiyarta. Na bakin ƙofa na Goggo ne, yayar Abba, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta, tun Auta tana rarrafe. Kowacce da tukwanenta, da wuƙarta, da ludayinta, kai har soson wanke-wanke ba a haɗawa. Firji ne kawai ya ƙi rabuwa, shi ma saman na Umma ne, ƙasan na Goggo.

Umma 'yar bakin teku ce, aiki ne ya kai Abba ƙasarsu ya auro ta. Girkinta kifi ne da madarar kwakwa da kirfa, da wani ɗan zaƙi da yake biyo baya. Su Abba kuwa mutanen tudu ne. In nama bai sha barkono da tsami ba, mai bai taso ya kwanta a kan miya ba, to a wurin Goggo ba a yi girki ba, an dai ɓata lokaci. Goggo takan ce abincin Umma na yaye ne. Umma takan ce na Goggo horo ne. Amma fa a bayan ido. A gaban juna sai gaisuwa da tambayar kwanan jiki, kowacce tana murmushin da bai wuce leɓe ba.

Abba, bawan Allah, shi ya san yadda ya yi ya rayu a tsakaninsu. Faranti biyu ake ajiye masa, dama da hagu. Cokali ɗaya nan, cokali ɗaya can, har ya tashi. Ba ya yabo, ba ya kushewa, ba ya neman ƙari, domin ya san duk wadda ya miƙa wa faranti, ɗayar za ta yi ta gaba da shi har sai ta gaji don kanta. Ko da likita ya ce ya rage yaji da maiƙo saboda cikinsa, Goggo cewa ta yi kwakwar nan ce take cinye masa hanji, Umma ta ce ai kowa ya san aikin barkono ne. Ba wadda ta rage komai.

To a wannan teburin ne yau za a zaunar da Dogo.

Dogo shi ne mai gyaran lif a benen da Auta take aikin gwajin ido, kuma shi ta ce tana so, ta faɗa ta maimaita. Goggo ta ce ba ta san zancen ba. Ga ɗanta nan, Mai Turare, da shagonsa da motarsa, ɗan gida ne, ya san cimar gida, me za a yi da wani bare da ba a san abin da danginsa suke sawa a tukunya ba? Ta yi kuka, ta yi fushi, ta tuna wa Abba cewa ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Umma ce kaɗai ta tsaya wa Auta, ta ce ita ma bare ce aka kawo ta gidan nan, kuma har yau ba ta cinye kowa ba. Da abin ya ishi Abba sai ya ce yaron ya zo su ci abincin rana tare, in an tashi zai faɗi matsayinsa.

Auta ta san mahaifinta sarai. Zai iya saɓa wa mace ɗaya a gidan, amma ba zai taɓa saɓa wa biyu a lokaci guda ba. Muddin Umma tana bayanta akwai sauran fata. Ranar da Umma ta janye hannu, shi ke nan, an gama.

Shi ya sa ta yi wa Dogo karatu kamar mai shiga jarrabawa. Ya ci daidai wa daida daga kowane faranti. Kada ya yabi ɗaya. In barkonon Goggo ya kama shi kada ya yi wuf ya ɗauki ruwa, ya daure. In ya ji na Umma da zaƙi kada ya nemi gishiri. Ya yi ta dariya a waya yana cewa ko lif ɗin da ya maƙale da mutane bai kai wannan wuyar sha'ani ba. Da za su yi sallama ya ce akwai ɗan abin da zai riƙo wa mutanen gida. Ta ɗauka lemo ne ko ayaba. Ba ta tambaya ba, kuma wallahi da ta sani da ta tambaya.

Tun hantsi kicin ya kacame. Goggo tana soya barkono har Abba yana atishawa daga falo, Umma ta buɗe taga da ƙarfi. Umma ta zuba kirfa, Goggo ta ja mayafi ta toshe hanci. Auta tana tsakani, ta yanka wa wannan albasa da wuƙarta, ta wanke hannu, ta koma ta yanka wa waccan da tata. Sau biyu tana yanke yatsa. Kowacce ta miƙo mata ludayi ta ɗanɗana, kowacce ta ce mata ya yi, alhali bakinta ba ya jin ɗanɗanon komai saboda fargaba.

Umma ta lura Auta ba ta cikin hayyacinta. Ta matso kamar za ta ɗauki murfi, ta yi ƙasa da murya ta ce mata ta kwantar da hankalinta, in dai tana raye ba wanda zai raba ta da abin da take so. Auta ta ji kamar ta rungume ta, sai dai idon Goggo yana kansu.

Bayan azahar wayarta ta yi ƙara. Ya iso.

Ta fita da sauri ta same shi a bakin ƙofa, ya sha wanka, ya yi aski, takalminsa sai ƙyalli yake. Amma ba takalmin ta kalla ba. Wata tukunya ce rungume a ƙirjinsa, an naɗe ta da sabon tawul an ɗaure da igiya, tururi yana fita ta gefen murfin.

Ta nuna tukunyar da yatsa.

"Dogo, mene ne wannan?"

Ya yi murmushi irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a yaba. Ya ce a wurinsu namiji ba ya zuwa neman aure hannu rabbana. Tukunyar gidansu ake ɗaukowa a kai wa iyayen yarinya, su ɗanɗana, su san abin da 'yarsu za ta ci in ta tare. Uwar saurayi ce take dafawa, ko yayarsa.

"Ni kuma kin san Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa, ba ni da 'yar'uwa mace. Sai na tashi tun da safe na dafa da kaina, yadda na ga tana yi."

Tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa, amma tsoro ya fi tausayin ƙarfi. Dafaffen abinci, a gidan da mata biyu suka yini a tsaye gaban wuta saboda shi! Ta ce masa ya rufa mata asiri ya mayar, ko ya ajiye a bayan tukunyar fulawar nan, daga baya za ta yi masa bayani. Fara'arsa ta ragu. Ya tsaya yana kallonta, bai gane laifin da ya yi ba.

Ta miƙa hannu za ta karɓa ke nan sai ƙamshi ya cika wurin. Shi Mai Turare ƙamshinsa yakan riga shi isowa. Ya rufe motarsa, ya taho yana kaɗa makulli, ya dubi tukunyar, ya dubi fuskar Auta, nan da nan ya gane komai. Mutumin da tunda yake bai taɓa ɗauke kofin da ya sha shayi ba, yau shi ne da cewa ai ba a barin baƙo da kaya. Kafin wani ya yi magana ya sure tukunyar ya yi ciki da ita yana rangaɗa sallama.

A tsakiyar teburi ya dire ta, tsakanin kwanon Umma da kwanon Goggo.

Dogo ya durƙusa ya gaida Abba, ya gaida Umma, ya gaida Goggo. Abba ya amsa da sakin fuska ya nuna masa kujera. Umma ta amsa, amma idonta yana kan tawul ɗin. Goggo ko amsawa ba ta gama ba ta tambaya ko wani ne ya yi ɓatan hanya da abincinsa. Dogo ya sake yin bayanin da ya yi wa Auta, cikin ladabi, kansa a ƙasa. Da ya zo wurin rasuwar mahaifiyarsa Abba ya yi mata addu'a, kowa ya shafa.

Goggo ta kwance igiyar da kanta, ta ɗaga murfi ta leƙa. Romon kaza ne fari tas, da dankali da karas da wani ɗan ganye yana yawo a sama. Ba ja, ba mai, ba komai.

"Ikon Allah. Wa yake jinya a gidan nan?"

Mai Turare ya ƙyalƙyale da dariya har yana buga teburi. Auta ta dubi Umma tana neman agaji. Umma ba ta yi dariya ba, amma ba ta dube ta ba, sai gyara zaman cokula take yi waɗanda ba su karkace ba.

Aka zuzzuba abinci. Dogo ya bi karatunsa tiryan-tiryan, cokali nan, cokali can. Barkono ya kama shi, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa, bai taɓa kofin ruwa ba. Auta tana ƙirga masa loma a zuci, tana addu'a a gama a tashi a manta da tukunyar nan. Mai Turare kuwa ya naɗe hannun riga yana sharɓar miyar uwarsa, yana cewa duk namijin da bai iya cin wannan ba a sake masa suna.

Abba ne ya ja abin, kuma da kyakkyawar niyya. Ya ga tukunyar yaro a buɗe tana hucewa ba wanda ya kula ta, sai ya ji nauyi. Ya ce a ɗan zuba masa kaɗan a ƙaramin kwano, tunda don su aka yi, kada a tashi ba a sa albarka ba. Ba wadda ta motsa a cikin matan, sai Dogo ne ya miƙe ya zuba masa da hannu biyu.

Abba ya kai cokali ɗaya baki. Ya ɗan tsaya. Ya kai na biyu.

Auta ta ga kafaɗun mahaifinta sun sauka, kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya daina kallon kowa. Ya murƙushe dankalin da bayan cokali, ya haɗa da romo, ya ci, ya ci, har ya ɗaga kwanon ya kurɓe sauran. Farantin dama da na hagu suna nan suna sanyi. Ta yi gyaran murya, bai ji ba. Ta taɓa ƙafarsa ta ƙarƙashin teburi, ya janye ƙafar ya ɗauka kuskure ne.

Sai ya miƙa kwanon.

"Ɗana, ƙara min."

Ɗakin ya yi tsit, har ƙarar fanka ake ji. Cokalin Goggo ya tsaya a hanya. Shi kansa Mai Turare bakinsa a buɗe, da loma a ciki. Dogo kaɗai ne bai san abin da ya faru ba. Fuskarsa ta washe, ya cika kwanon har baki, ya zaɓo cinyar kaza ya ɗora.

Sai da Abba ya kai rabi sannan ya ɗago ya ga fuskoki. Ya dubi kwanon hannunsa kamar bai san yadda aka yi ya zo wurin ba. Ya yi maza ya ajiye, ya jawo farantin dama ya ci cokali ɗaya, ya jawo na hagu ya ci ɗaya, yana cewa ai duka sun yi, duka sun yi. Ina, ciki ya riga ya cika, kuma kowa ya gani.

Umma ta miƙe a hankali. Ta ɗauki kwanon kifinta da ba a ci rabi ba, ta ce wa baƙo ya ci gaba da cin abincinsa, gida ne. Muryarta lafiya lau, amma ba ta dubi kowa ba. Ba a jima ba Goggo ma ta kwashi nata ta bi bayanta.

Abba bai faɗi matsayin da ya ce zai faɗa ba. Ya ja Dogo da hirar aiki, yana yi yana waiwayen ƙofar kicin. Auta ta kasa zama, ta tattara faranti ta bi su.

Abin da ta gani ya sa ta tsaya cak a bakin ƙofa. Umma tana zaune a kan 'yar kujerar Goggo, wadda ko Abba bai isa ya zauna a kai ba, ta rufe fuska da mayafi. Goggo tana tsaye a kanta, hannu ɗaya a kafaɗarta, ɗayan riƙe da kofin ruwa, tana cewa ta yi haƙuri, maza haka suke, ba su san wahalar mutum ba. Tun tasowar Auta take roƙon Allah ya nuna mata ranar da matan nan za su jitu. Ga ranar ta zo, kuma ba abin da ya taɓa ba ta tsoro kamarta.

Goggo ta gan ta, ta watsa mata harara, ta ce ta shigo ta ga abin da zaɓinta ya jawo. Daga nan ta fice ta bar su.

Auta ta zube a gaban mahaifiyarta ta riƙe gwiwoyinta. Ta ce Dogo bai sani ba, girmamawa ya yi nufi, laifinta ne da ba ta tambaye shi ba. Umma ta bar ta ta yi ta magana har ta gaji, sannan ta sauke mayafin. Idanunta sun yi ja wur.

"Kin san tun yaushe nake jiran kalmar nan?"

Auta ta girgiza kai.

"Tun kafin ki yi wayo. Na baro uwata, na baro ƙasarmu, na zo inda ko kifin kirki sai na sha yawo kafin in samu. Ba abin da na taho da shi sai hannuna. Aka yi min dariya, aka ce abincina na yara ne, na shanye. Kullum in na ajiye masa faranti sai in ce yau zai ce in ƙara masa. Da bai faɗa ba sai na ba shi uzuri, na ce tsoron Yaya yake ji, a ransa nawa ya fi so. Da wannan na rayu, Auta. Da asuba nake tashi in haɗa masa abincin ofis a kula, ina cewa can dai ba idon kowa, zai ci nawa ya ƙoshi."

Ta share hanci da gefen mayafi.

"Ashe bakinsa ya iya faɗa. Ni ce dai ba zai faɗa wa ba."

"Umma, cikinsa ne yake ciwo. Ba don ya fi naki daɗi ba ne, wallahi ruwa ne kawai da gishiri."

"To ai shi ne abin kunyar. Ruwa da gishiri ya fi ni."

Auta ta fashe da kuka sosai. Ta ce Umma ta tuna ita ma haka ta shigo gidan nan da tukunyarta aka raina ta, yanzu kuma za ta yi wa maraya abin da aka yi mata? Ba shi da uwar da za ta dafa masa, ya tsaya da kansa gaban wuta don ya nuna zai riƙe mata 'ya. In wannan laifi ne, a ina ake samun abin kirki?

Maganar ta shiga Umma. Amma da ta buɗe baki ba abin da Auta take son ji ta faɗa ba. Ta ce ba ta tsani yaron ba, kuma ba ta ce Auta ta auri ɗan Yaya ba, wannan har gobe ba ta goyon baya. Sai dai ba za ta iya zama teburi ɗaya da mutumin da duk ta gan shi za ta tuna yau ba. In Abba ya tambaye ta a yanzu, za ta ce ba da yawunta ba.

"Umma, in kika faɗi haka kin kashe ni. Kin san Abba ba zai tsallake ku biyu ba."

"Na sani."

"Ke kika ce min da safe in dai kina raye..."

"Na faɗa, kuma ban manta ba." Ta ɗora hannu a kan Auta, ta ɗan shafa. "Tashi ki wanke fuskarki. Ki mayar masa da tukunyarsa, ki ce ya dakata da zuwa gidan nan. Zan ce wa babanki kada ya yanke komai yau. Ki bar ni zuciyata ta huce tukuna, in ta huce sai mu ga abin da Allah zai yi."

Ba yarda ba ce, amma ba ƙi ba ne. Auta ta riƙe wannan ɗan abin da hannu bibbiyu. Ta san Umma, fushinta ba ya kwana da yawa. In Dogo ya ɓace na ɗan lokaci, in Abba ya yi dabara ya lallashe ta, in Goggo ta sake soya barkono taga a rufe, komai zai iya komawa yadda yake.

Ta fito ta tarar har Abba ya raka baƙo ya shige ɗakinsa. Mai Turare yana kwance a doguwar kujera yana sakace, ya bi ta da ido yana murmushi. Ba ta kula shi ba. Ta suri tukunyar da tawul ɗin ta yi waje.

Dogo yana tsaye jikin babur ɗinsa, sai washe baki yake kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Tun kafin ta ƙaraso ya fara magana. Ya ce ta gani ko? Ita da take ta tsoro. A wurinsu in uban yarinya ya nemi ƙari, magana ta ƙare, sai sa rana. Ya ce da mahaifiyarsa tana raye da yau ta yi guɗa.

Ta buɗe baki ta ce masa ya tsaya ya saurare ta, amma murna ta hana shi ganin idonta da ya kumbura.

"Bari ki ji wani abin ma. Da Baba ya rako ni sai ya riƙe hannuna, ya ce rabon da cikinsa ya samu salama irin ta yau har ya manta. Ya ce in ba takura in riƙa aika masa ofis da rana, amma kada na cikin gida su ji. Wai kulolin nan biyu da ake haɗa masa kullum, ya daɗe da daina buɗe su. Masu gadi yake ba wa, su cinye su wanke masa, ya dawo da su gida."

Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta yanke. Ba Auta yake kallo ba, bayanta yake kallo.

Ta juya.

Umma ce tsaye a bakin ƙofa, ko takalmi babu a ƙafarta, riƙe da murfin tukunyar da Auta ta manta a kan teburi. Ba ta yi kuka ba. Ta tako a hankali har gabansu, ta ɗora murfin a kan tukunyar da ke hannun 'yarta, ta gyara masa zama.

"Ga murfinka, ɗan nan. Ka ci gaba da ciyar da shi, Allah ya ba ka lada."

Dogo ya durƙusa a nan kan titi. Umma ba ta sake dubansa ba. Ta dubi Auta.

"Ke kuma in kin sallame shi ki zo ki sauko min da akwatina daga kan sif. Gida zan tafi, inda in na dafa ake ci."